Ciwon dajin nono: abin da bincike ya canza a aikin fiɗa

A wannan fitowa shafinmu na kiwon lafiya zai yi magana bisa wata cuta wadda mata da yawa ke jin nauyin ambatonta. Ita ce ciwon dajin nono. Wasu na ce mata sankara, malaman asibiti kuma na ce mata kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙidaya cewa a shekara ta 2022 an gano wannan ciwo a jikin mata miliyan 2 da dubu 300. A cikin shekarar kuma ya kashe mata dubu 670. A ƙasarmu Nijar, cikin dukkan ire-iren ciwon daji, shi ne ya fi kama mata.

Mun san abin da ke tsare mace gida idan ta ji ƙullutu a nononta: tsoron wuƙa. Tana gudun a yanke mata nono, ta koma gida da rabin ƙirji, miji ya juya mata baya, kishiya ta samu abin gori. Sai ta yi shiru har ciwo ya fashe. Wannan tsoro yana da asali, domin an daɗe ana yin fiɗa mai muni. Amma likitoci sun yi shekaru suna bincike, kuma aikin ya canza ƙwarai. Ga yadda abin ya faru.

Yadda ciwon yake

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana tsufa ta mutu, wata ta maye gurbinta. Wani lokaci wasu ƙwayoyi kan ɓaci, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Sai su taru su zama ƙullutu mai tauri. Da farko yawanci ba ya ciwo. Idan aka bar shi, ƙwayoyinsa na bin hanyar ruwan jiki su isa kaluluwar hammata. Suna kuma bin jini su isa ƙashi, ko hanta, ko huhu.

Ba a ɗaukar wannan ciwo daga wani. Ba jifa ke kawo shi ba, ba sammu ba.

Zamanin babbar fiɗa

A shekara ta 1894 wani likitan fiɗa na Amurka, Wiliyam Halsted, ya ba da labarin mata 50 da ya yi wa aiki a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimo. A ganinsa ciwon yana yaɗuwa kamar saiwar icce, daga nono zuwa abin da ke kewaye da shi. Saboda haka ya ce a faɗaɗa yanka. Yakan cire nono gaba ɗaya, da tsokokin ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da dukkan kaluluwar hammata.

Aikin ya rage dawowar ciwo a ƙirji, sai likitocin duniya suka bi sahunsa kusan shekara 80. Amma mata sun biya da tsada. Ƙirji yakan lotsa har a riƙa ganin haƙarƙari ƙarƙashin fata. Hannu yakan kumbura ya yi nauyi, wasu ba sa iya ɗaga shi sama. Duk da haka mata da yawa suna mutuwa bayan ƴan shekaru, domin ciwon ya riga ya tafi wani wuri tun kafin a yi aikin.

Gwaji irin na manomi

Wani likita na birnin Pitsbag a Amurka, Barnad Fisha, ya kawo wani ra'ayi daban. Ya ce ƙwayoyin ciwon na iya shiga jini tun ƙullutu yana ƙarami. Kowane manomi zai gane maganarsa. Idan ƙuduji ya riga ya zubar da iri, iska ta kwashe, faɗaɗa ramin da ka tono a gindinsa ba zai maido da irin da ya tafi ba. Haka nan ƙara faɗin yanka ba zai kamo ƙwayoyin da suka bi jini ba.

Magana ce kawai, sai an gwada. To, yaya ake gwada irin wannan? Manomin da ke son ya san wane irin hatsi ya fi, yakan raba gona ɗaya gida biyu. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, noma ɗaya, iri ne kaɗai ya bambanta. Da kaka sai ya ƙirga dammuna. Haka likitoci suka yi. Sun nemi yardar mata masu ciwo iri ɗaya, suka raba su rukuni rukuni ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya sa su ɓangaren da yake so. Kowane rukuni aka yi masa irin aikinsa. Sa'an nan aka yi ta bin lafiyarsu shekara da shekaru.

Fisha ya fara gwajinsa na farko a 1971 da mata fiye da 1,600. Wasu an yi musu babbar fiɗar Halsted. Wasu an cire nono kaɗai, aka bar tsokar ƙirji. Bayan shekara 25 aka duba, ba a samu bambanci a yawan waɗanda suka rayu ba. Ashe cire tsokar ƙirji bai ƙara wa kowa kwana ba.

Ana iya barin nono

A birnin Milan na Italiya, likita Umberto Beronesi ya ƙara matsawa gaba. Daga 1973 zuwa 1980 ya gwada da mata 701 waɗanda ƙullutunsu bai wuce santimita 2 ba, wato kamar ƙwallon dabino. Mata 349 an yi musu babbar fiɗa. Mata 352 an cire musu yanki ɗaya na nono inda ciwon yake, sa'an nan aka gasa sauran nonon da hasken na'ura. A 2002 aka bayyana sakamakon shekara 20. A kowane rukuni, wajen mata 41 ko 42 cikin 100 sun rasu, idan aka haɗa kowane irin sanadi. Waɗanda aka bar wa nononsu sun rayu daidai da waɗanda aka cire wa.

Fisha ma ya yi gwaji na biyu daga 1976, ya bi lafiyar mata 1,851 masu ƙullutun da bai wuce santimita 4 ba, kamar ɗan lemun tsami. Nan ma bayan shekara 20 tsawon rai ya zo ɗaya, ko an cire nono duka, ko an cire ƙullutun kaɗai tare da ɗan naman da ke kewaye da shi. Gani ya kori ji. A 1990 wani taron masana na hukumar binciken lafiya ta Amurka ya yanke cewa ga yawancin mata masu ciwon da bai yi nisa ba, barin nono shi ya fi dacewa.

Sharuɗɗa biyu

Wannan albishir yana tafe da sharuɗɗa biyu, kuma bai kamata mu ɓoye su ba.

Na farko, ciwon ya zamanto ƙarami. Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da matan da suka zo da wuri. Wani lokaci akan fara ba mace maganin ƙarin ruwa da ake kira shimiyo, don ƙullutu ya ƙanƙance kafin fiɗa. Amma idan ciwo ya ci fata, ko ya fito wurare da yawa cikin nono, cire nonon duka shi ne hanyar da ta fi aminci.

Na biyu, gashi da hasken na'ura, wanda likitoci ke kira radiyoterapi. Mace takan kwanta na ƴan mintoci, na'ura ta haska wurin da wani haske mai ƙarfi wanda ke kashe ƙwayoyin ciwo da wuƙa ta bari. Ba wuta ba ce, kuma ba a jin zafi lokacin da ake yi, ko da yake fata kan yi duhu ko ta yi tsami daga baya. A gwajin Fisha na biyu, matan da aka cire wa ƙullutu ba a gasa ba, ciwo ya dawo a nonon 39 cikin 100. Waɗanda aka gasa, 14 ne cikin 100. Saboda haka macen da aka bar wa nononta, idan ta tsallake gashi, ta bar aiki rabi.

A da, gashin yakan ɗauki mako biyar, zuwa 25. Likitocin Ingila sun gwada rage kwanakin, suka ga zuwa 15 cikin mako uku ya wadatar. A 2020 kuma wani gwajinsu da mutane fiye da 4,000 ya nuna cewa ga mata da yawa masu ciwon da bai yi nisa ba, zuwa biyar cikin mako ɗaya yana yin aiki daidai. Likita ne ke duba wanda ya dace da kowace mace.

Fiɗa da gashi suna maganin ciwon da ke ƙirji ne. Ƙwayoyin da suka bi jini sai magani mai zagaya jiki: shimiyo, ko ƙwayar sha irin tamoksifen wadda wasu mata ke sha kullum shekara biyar ko fiye.

Hammata da kumburin hannu

Bincike ya shiga hammata ma. Idan aka kwashe kaluluwa duka, ruwan jiki ba ya samun hanyar wucewa, sai hannu ya kumbura. Wajen mata 20 cikin 100 da aka yi wa haka suna samun wannan kumburi. Ga macen da ke daka, da ɗibar ruwa, da goyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1993 da 1994 likitocin Amurka suka fara wata dabara. Akan yi allurar wani ruwa, sau da yawa shuɗi, a nono. Ruwan yakan bi hanyar da ciwo zai bi, ya tsaya a kaluluwar farko, kamar mai gadin ƙofar gari. Sai a cire wannan kaɗai, ko biyu ko uku, a duba da madubin likita. Idan ciwo bai kai gare ta ba, sai a bar sauran. Da wannan dabara, kumburin hannu ya sauka zuwa wajen mata 6 cikin 100. Amma ita ma tana amfani ne ga wadda ciwo bai riga ya cika mata hammata ba.

Idan cirewa ta zama dole

Har yau akwai mata da yawa waɗanda sai an cire musu nono za a ceci ransu. Don su ne likitoci suka koyi sake gina nono. Aikin ya tsufa. A 1895 wani likita a birnin Haidelbag na Jamus, Binsans Cerni, ya ɗauko wani ƙullutun kitse marar illa daga bayan wata mace, ya cike gurbin da fiɗa ta bari a nononta. Daga nan aka yi ta gyara har aka samu manyan hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce jakar silikon. Silikon wani abu ne mai taushi kamar kitse, ana ƙunshe shi cikin ƴar jaka a sa ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Likitoci biyu na birnin Hustan a Amurka suka fara sa ta a 1962. Idan fata ta yi kaɗan, akan fara sa wata jaka marar komi, a riƙa ɗura mata ruwan gishiri kaɗan kaɗan cikin makonni, fata na miƙewa kamar cikin mai juna biyu. Daga baya a musanya ta da ta silikon. Wannan aiki bai cika tsawo ba. Sai dai jakar ba ta zama har abada. Tana iya fashewa, ko naman da ke kewaye da ita ya taurare, musamman bayan gashi, har a sake aiki.

Hanya ta biyu ita ce a gina nono da naman mace kanta. Ana iya juyo fata da tsoka daga baya zuwa ƙirji. A 1982 likita Karl Hartramf na birnin Atlanta ya nuna yadda za a ɗauko fata da kitsen mara tare da tsokar ciki. Amma cire tsokar kan raunana ciki. A 1989 likitocin Japan suka gano yadda za a ɗauki fata da kitse da ƙananan jijiyoyin jininsu, a bar tsoka a wurinta. A 1994 aka fara gina nono da wannan dabara a Amurka. Likita yakan ɗinke jijiyoyin da na ƙirji yana duba ta madubi mai ƙara girman abu, da zare wanda ya fi gashin kai siranta. Aiki ne na awoyi da yawa, kuma yana barin dogon tabo a mara.

Ana iya gina nono a ranar da aka cire shi, ana kuma iya jira wata da watanni, ko shekaru. Kan nono ma ana iya yin sa daga baya da ƴar fata, a yi masa launi.

Me matan suka ce?

Likitoci sun koma sun tambayi matan da kansu. A wani bincike na asibitoci 11 a Amurka da Kanada, an bi mata fiye da 2,000 shekara biyu bayan aikin, aka bayyana sakamako a 2018. Waɗanda aka gina wa nono da namansu sun fi jin daɗin nonon bisa waɗanda aka sa wa silikon. Amma su ne kuma suka fi gamuwa da matsala bayan fiɗa. Idan aka haɗa duka, kusan mace ɗaya cikin uku ta samu wata matsala, kamar rauni ya ƙi warkewa ko ya yi ruwa. Shan taba, da ciwon sukari, da ƙiba mai yawa suna ƙara wannan haɗari.

Ya kamata a san abu uku. Nonon da aka gina ba ya ba da ruwan nono, amma ɗayan yana iya shayar da jariri. Ba ya jin taɓi kamar na asali. Kuma binciken da aka yi bai nuna cewa gina nono yana sa ciwo ya dawo ba.

Aikin yana da tsada, kuma yana bukatar ƙwararru da kayan aiki. Ko a Amurka sai da aka yi doka a 1998 wadda ta tilasta wa kamfanonin inshora masu biyan kuɗin cire nono su biya na sake gina shi. Mata da yawa a duniya kuma ba sa neman a sake yi musu fiɗa. Sukan sa nonon roba, ko na auduga da aka ɗinka, cikin rigar nono. Idan mace ta ɗaura zane ta yafa mayafi, ba mai ganewa. Wannan ma hanya ce mai mutunci.

Ina muka tsaya?

Duk wannan ci gaba yana ga macen da ta zo da wuri. A nan ne Afirka ke da aiki. Wani nazari na 2016 ya tattara bincike daga ƙasashe 17 na kudu da Sahara, ya ga cewa wajen 77 cikin 100 na mata baƙar fata masu wannan ciwo suna isa asibiti ne bayan ya yi nisa. Wani bincike na 2020 a ƙasashen Afirka biyar ya ga rabin matan ne kawai ke raye bayan shekara uku. A asibitocin Nijeriya da aka duba, 36 ne cikin 100. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar.

Daga nan ne maganar nan ta fito, wai wuƙa ce ke tayar da daji. Mace ta yi shekara tana shafa magani a gida, ta je asibiti ciwo ya riga ya kai hanta, a yi mata aiki, ta rasu bayan wata uku. Sai a ɗora wa wuƙa laifi, maƙwabciyarta ta ƙara jin tsoro. Alhali jinkiri ne ya yi ɓarnar.

A 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta samu sashen gashi da na'ura, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan, mai bukatar gashi sai ta fita ƙasar waje. Tafiyar ba kusa ba ce: daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga yara a gida. Shi ya sa likita kan tambayi mace da danginta, kafin ya bar mata nono, ko za ta iya kammala gashi. Dangin da suka tsaya mata da guzuri da rakiya, sun taya ta riƙe nononta.

OMS kuma ta sa wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon tun bai yi nisa ba, a kammala gwajin gano shi cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu.

Abin da ya rage gare mu

Kowace mace ta san nononta. Sau ɗaya a wata, bayan ta gama al'ada, ta shafa shi da tafin yatsu lokacin wanka, har cikin hammata. Ta je likita ba tare da jira ba idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo.
2. Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.
3. Jini ko wani ruwa na fita daga kan nono.
4. Fata ta lotsa, ko ta yi kaushi kamar ɓawon lemu.
5. Gyambo a nono wanda ya ƙi warkewa.

Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne. Amma hannu kaɗai ba ya rarrabewa, sai an yi hoto, an ɗebi ɗan nama da allura an duba. Mai shayarwa ma, idan ƙullutu ya ƙi bajewa, kada ta ce daskarewar nono ce ta zauna. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a ɗaura magani mai cin fata. Maza ma kan kamu, ko da yake ba su kai ɗaya cikin 100 na masu ciwon ba sai da ƙyar.

Idan an tabbatar da ciwon, mace na da ikon tambayar likita: Ciwona ya kai ina? Za a iya bar mini nono? Zan bukaci gashi, kuma kwana nawa? Idan an cire, me za a iya yi mini daga baya? Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Ku kuma magidanta, sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunku suke. Matar da ta san mijinta ba zai guje ta ba, ba ta ɓoye ciwo. Iyaye mata da ungozomomi, ku riƙa yi wa ɗiyanku wannan magana. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa wadda ba ta iya ba tukuna.